Kyamarori Masu Zubin Da: Abin Da Ke Cikinsu, Da Abin Da Za Ka Duba Kafin Ka Zuba Kuɗinka

Idan kana yawan zama a TikTok ko Instagram, da wuya a ce ba ka ci karo da su ba: 'yan ƙananan kyamarori masu launin azurfa da baƙi, jikinsu kamar an naɗe shi da fata, samansu cike da abubuwan murɗawa masu lambobi. Kallon farko za ka rantse irin wadda mai hoton unguwarku yake ratayawa ce shekaru talatin da suka wuce, lokacin da ake sa fim mai cin hoto 36, a kai wanki, a zauna jira. To sababbi ne fil, kuma kuɗin guda ɗaya zai iya saya maka wayoyin Tecno ko Infinix masu matsakaicin farashi wajen goma.

Sha'awarsu ta fara shigowa cikin matasanmu, musamman masu son fara ɗaukar hoton biki da masu tallan kaya a intanet. Tun da magana ce ta miliyoyin naira, ya kamata mu buɗe cikinsu mu gani. A matsayina na mai rubuta manhaja, abin da zan fara gaya maka shi ne, rigar ce kawai ta da. Abin da ke ciki kwamfuta ce irin ta wayarka. Babban bambancin shi ne, waya ita take yanke shawarar yadda hotonka zai fito, wannan kuwa kai take bar wa shawarar. Idan ka gane wannan, za ka san ko kana bukatarta ko a'a.

Me ake nufi da marar madubi?

Manyan baƙaƙen kyamarorin da muka saba gani a hannun masu hoton biki, waɗanda ake kira DSLR, akwai ɗan madubi a cikinsu. Haske yana shigowa ta idon kyamara, wato lens, ya bugi madubin, madubin ya tura shi sama zuwa tagar da kake leƙawa. Da ka danna, sai madubin ya ɗage sama, hasken ya faɗa kan sensa, wato ɗan allon da ke kama hoto. Wani ɓangare na ƙarar "ƙwas" da kake ji, ɗagewar madubin ce.

A shekarar 2008 kamfanin Panasonic ya fito da Lumix G1, wadda aka cire wa madubin gaba ɗaya. Haske yana zuwa kan sensa kai tsaye, ita kuma ta nuna maka abin da take gani a wani ɗan sikirin da ke cikin tagar leƙe, ko a babban sikirin na baya. Wannan ya kawo abu biyu. Na farko, jikin kyamara ya rage kauri da nauyi. Na biyu, kafin ka danna kana ganin yadda hoton zai fito: idan ya yi duhu za ka gani, idan haske ya yi yawa za ka gani. Ga wanda ya taso da waya, wannan shi ne abin da ya saba da shi.

Cire madubin ne ma ya sa aka samu damar ƙera su sirara, daidai girman kyamarorin fim na shekarun 1960 zuwa 1980.

Yadda zubin da ya dawo

Olympus ne ya fara buɗe hanya a 2009 da PEN E-P1, wadda ta ɗauko suna da siffa daga jerin kyamarorinsa na Pen da aka fara yi a 1959. Amma wadda ta kafa tarihi ita ce Fujifilm X100, da aka nuna a bikin baje kolin Photokina na Jamus a 2010, ta shiga kasuwa a 2011. Daga nan Olympus ya ƙara da OM-D E-M5 a 2012, mai kama da OM-1 ta shekarun 1970. Nikon ya fito da Zfc a 2021 da Zf a 2023, dukkansu sun kwaikwayi FM2 ta 1982.

Abin ya zama ruwan dare ne a ƙarshen 2022, lokacin da masu TikTok suka yi ca a kan X100V, wadda ta fito tun 2020 a kan dala 1,399. Masu saye suka fi ƙarfin kayan, har Fujifilm ya dakatar da karɓar oda, ta hannu ta koma ta fi sabuwa tsada. Da magajiyarta X100VI ta fito a watan Fabrairun 2024 a kan dala 1,599, sai da mutane suka yi watanni a layi. A canjin da muka gani a 2024 da 2025, inda dala ta riƙa yawo a wajen naira 1,500, wannan kuɗi ya haura naira miliyan biyu, ba a sa kuɗin kawowa ba.

Ka lura cewa wani kaso na wannan tsada kuɗin yayi ne. Canon da Sony, waɗanda suka fi karkata ga zubin zamani, suna da kyamarorin da ke aiki daidai da waɗannan ko fiye, a farashi ɗaya ko ƙasa da haka. Saboda haka tambayar ita ce, ban da kyan gani, me zubin da yake ba ka?

Mamurɗai uku da ke koya maka haske

Kowane hoto a duniya, na waya ko na kyamara, abu uku ne ke haɗa haskensa. A waya an ɓoye su. A kyamarar zamani suna cikin jerin zaɓuɓɓuka a sikirin. A mai zubin da kuwa, kowanne yana da abin murɗawarsa, kamar na neman tasha a tsohuwar rediyo, kana ganin lambar ko kyamarar tana kashe.

Na farko shi ne saurin ƙiftawa, wato tsawon lokacin da kyamara take buɗe ido. Ka ɗauki Hawan Nassarawa, lokacin da Sarki yake zuwa Gidan Gwamnati. Idan mahayi ya sako doki a guje kana son ka tsayar da shi cak, har ƙurar kofatonsa ta fito, za ka murɗa zuwa 1000, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Idan ka bar shi a 30, dokin zai fito a goge.

Na biyu shi ne faɗin ƙofar haske. A kyamarorin Fujifilm yawanci zobe ne a jikin lens. Ƙaramar lamba, kamar f/2, tana nufin ƙofar ta buɗe sosai: haske da yawa zai shiga, amarya za ta fito tar, bayanta ya narke. Babbar lamba, kamar f/8, ita ake so a hoton dangi, inda aka yi sahu uku kuma kowa yana son a ga fuskarsa.

Na uku shi ne ISO, wato yadda ake ƙara wa abin da sensa ta kama ƙarfi. Da rana tsaka 200 ya isa. A cikin zauren biki da dare za ka iya kaiwa 3200 ko sama, amma iya ɗagawarka iya yashi-yashin da zai bayyana a hoton.

Akwai na huɗu ƙarami, mai alamar ƙari da ragi, kuma a ganina shi ya fi kowanne amfani a garin nan. Ga dalili. Ango ya sha farar shadda, ya tsaya a ranar Kano. Ma'aunin hasken kyamara zai ga fari ya cika wuri, ya ɗauka haske ya yi yawa, sai ya rage. Sakamakon haka shaddar ta dushe, fuskar ango ta yi duhu. Da babban yatsa za ka murɗa zuwa +1, kana kallon fuskar tana dawowa a tagar leƙe, ka tsaya kafin aikin wuyan rigar ya ɓace cikin fari. Wanda ya yi mako biyu yana wasa da waɗannan mamurɗai zai fahimci haske fiye da wanda ya shekara yana danna waya.

Launin fim: manhaja ce, kuma sai ka gwada ta a fuskarmu

Abin da ya fi jan matasa shi ne launin. Fujifilm kamfanin fim ne tun 1934, sai ya ɗauko sunayen finafinansa na wanki ya mayar da su zaɓin launi a cikin kyamara: Provia na yau da kullum, Velvia mai kaifin launi, Astia mai taushi, Acros na baƙi da fari, da wasu irin su Classic Chrome da Classic Negative. X100VI tana da guda 20. X-T50 ta 2024 har mamurɗi na musamman aka yi mata don su. Nikon Zf tana da ɗan makunni da ke mayar da kai baƙi da fari nan take.

Babu fim ko ɗaya a ciki. Lissafi ne. Sensa tana kama haske a matsayin lambobi, sai manhajar kyamara ta bi wani jadawali: wannan ja a rage shi kaza, wannan shuɗi a karkatar da shi, inuwa a ƙara mata duhu. Amfaninsa shi ne hoton yana fitowa a game, ka tura waya ta manhajar XApp ko SnapBridge ta Nikon, ka ɗora ba tare da ka zauna gyara ba.

Sai dai akwai tarihin da ya shafe mu. A zamanin wankin hoto, kamfanin Kodak yana raba wa ɗakunan wanki wani kati mai hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley, da shi ake daidaita launin injin. Shekaru da dama ma'aunin "hoto ya yi kyau" farar fata ce. Irin wannan giɓi ne kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya lura da shi ya gyara kyamarorin wayoyinsa don baƙar fata, kuma yana cikin abin da ya ba shi kasuwar Afirka. Google ma ya fito da tsarin Real Tone a Pixel 6 a 2021.

Don haka idan ka kwafo saitin launi daga intanet, wanda wani ya haɗa a Tokyo ko Landan cikin hadari da sanyi, kada ka kai shi biki kai tsaye. Velvia zai fito da atamfa da leshi da kwalliyar dawaki yadda ido zai so, amma yana iya sa fuska ta yi ja fiye da kima. Classic Chrome yana rage launi, ga shi a lokacin hunturu hazo ya riga ya rage, sai mutum ya fito kamar ya yi wanka da toka. Don fuska, fara da Astia ko Provia, ka gwada a kan ƙannenka a inuwa da rana. Masu hoton yankinmu na da, irin su Malick Sidibé da Seydou Keïta a Bamako da Philippe Koudjina a Yamai, sun fito da baƙar fata da kyan da har yau ake baje hotunansu a duniya. Sanin haske ne ya ba su wannan, kuma shi za ka fara nema.

Ina ta fi waya, ina waya ta fi ta?

Fifikon gaske yana girman sensa. Ta Nikon Zf milimita 36 ce a 24. Ta Fujifilm da Zfc kimanin 23.5 a 15.6. Ta Olympus da magajinsa OM System 17.3 a 13. Wayoyi ƙalilan masu tsada, irin su Xiaomi 14 Ultra, su ne suka kai kimanin 13.1 a 9.8, sauran duk ƙasa suke da haka nesa. Faffaɗar sensa kamar faffaɗan baho ne a ruwan sama, ta fi tara haske. Shi ya sa kyamara mai megafiksel 24 take doke waya mai 108 a cikin zaure da dare.

Waya tana rufe wannan giɓi da dabara. Idan ka danna sau ɗaya, tana ɗaukar hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido, ta haɗe su, ta goge yashi, ta haska fuska. Narkar da baya da take yi ma kintace ne na manhaja, shi ya sa za ka ga ta cinye gefen gyale ko ta bar wani yanki tsakanin hula da kunne. A kyamara lens ne yake yin wannan da kansa, babu kintace.

Amma idan hotonka da rana kake ɗauka, kuma ƙarshensa sitatus ɗin WhatsApp ne, inda za a matse shi, mutane da yawa ba za su bambance ba. Waya kuma kullum tana aljihunka, ga intanet a jikinta.

Ƙura, batir da mai gyara

Masu sharhin YouTube ba a Kano suke zaune ba, don haka akwai abin da ba za su gaya maka ba.

Tun da babu madubi, da ka cire lens sensa tana nan a buɗe tana kallonka. Ka yi haka a waje a watan Janairu, ƙurar hunturu ta shiga, duk hoton da ka ɗauka zai fito da ɗigo-ɗigo a wuri ɗaya. Ka riƙa canza lens a ɗaki ko cikin mota, kyamara a kashe, bakinta yana kallon ƙasa. Ka sayi 'yar robar hura iska, kada ka hura da baki, kada ka goge da gefen riga. X-T5 da Zf da OM-3 an toshe musu kafofi don ƙura da yayyafi. Zfc da X-T50 ba su kai nan ba. X100VI kuwa sai ka ƙara mata zobe da gilashin kariya a gaba kafin toshiyar ta cika. Da damina kuma kada ka bar lens a jaka mai laima, funfuna tana tsirowa a cikin gilashi.

Batir ma abin dubawa ne, domin sensa da sikirin kullum a kunne suke. Zfc tana yin hoto kimanin 300 a caji ɗaya bisa ma'aunin kamfani, alhali tsohuwar Nikon D750 mai madubi tana haura 1,200. Sauƙin abin shi ne sababbin suna caji ta USB-C, fawa bankin wayarka zai yi. Duk da haka batir biyu ne mafi ƙaranci ga mai aiki.

Sai gyara. Waya idan ta lalace, ka shiga Farm Centre ko Titin Beirut, kafin la'asar an gama. Kyamara ba haka take ba. Canon da Nikon da Sony ne suka fi yawa a hannun masu hotonmu, don haka batir da caja da lens ɗinsu na hannu sun fi sauƙin samu, ko na aro a wurin abokin sana'a. Mai Fujifilm ko OM System ya shirya yin oda daga Legas ko waje, ya kuma shirya jira.

Wacce ta dace da wa?

Idan sana'ar biki kake nufi, X100VI ba taka ba ce, duk da sunanta. Lens ɗinta a manne yake, ba a cirewa, ba ya jawo nesa. Daga cikin 'yan kallo a wurin hawa, doki zai fito maka ɗan mitsitsi. Ramin memori kuma ɗaya gare ta. Ɗaurin aure ba a maimaita shi, idan memori ya mutu ba ka da bakin yi wa dangin amarya bayani. Nemi mai rami biyu da ke ajiye kowane hoto sau biyu: X-T5, mai megafiksel 40, wadda ta fito a 2022 a kan dala 1,699, ko Zf mai megafiksel 24.5, wadda ta fito a 2023 a kan kusan dala 2,000. Ka kuma sani cewa zubin da ba shi da tudun riƙewa, Zf kuma ta kai giram 710 ba lens. Daga kamu zuwa dina hannunka zai gaya maka, sai ka ƙara mata mariƙi.

Idan koyo kake so da yawon ɗaukar gari, daga marinar Ƙofar Mata zuwa kan Dutsen Dala, Zfc ta fito ne a ƙasa da dala 1,000, sai dai ba ta da na'urar hana rawar hannu a jikinta. Tsofaffi irin su X-T20 ta 2017 da X-T30 ta 2019 da jerin Olympus E-M10 har yanzu suna aiki lafiya, kuma a hannu za ka same su. Ƙanƙantarsu tana sa mutane su saki jiki, amma wannan bai ɗauke maka neman izini kafin ka ɗauki mutum ba, musamman mata da yara.

Ga wani abin daɗi. Saboda sensa tana dab da bakin kyamara, da ɗan zoben haɗi mai araha za ka iya ɗaura mata lens ɗin tsofaffin kyamarorin fim, irin su Pentax da Yashica da Zenit ta Rasha. Idan akwai wata a akwatin baba ko kawu, ka duba ta. Da hannu za ka riƙa saita kaifin hoto, amma aiki take yi. Kamfanonin Sin irin su TTArtisan da Viltrox ma suna yin lens masu sauƙin kuɗi.

Idan ta hannu za ka saya, kada ka biya sai ka riƙe ta. Ka sa f/16 ka ɗauki farin bango, ka zuƙo hoton ka nemi ɗigo ko ƙarzuwa. Ka haska fitilar waya cikin lens ka nemi zare-zaren funfuna. Ka murɗa kowane mamurɗi kana kallon ko lambar sikirin tana bin sa. Ka ciro batir ka ga ko ya kumbura. Ka tambayi adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, domin shi ne kamar kilomitar mota. Mai sayarwa a Instagram da ya ce ka tura kuɗi tukuna, ka bar masa kayansa.

Gwajin da ba ya cin ko kwabo

Kafin duk wannan, buɗe kyamarar wayarka ka nemi inda aka rubuta Pro. Yawancin wayoyin Android suna da shi, kuma za ka samu saurin ƙiftawa da ISO da ƙari da ragin haske. Ka yi wata guda ba ka ɗauki hoto ba sai ta nan. Ka ɗauki Adaidaita Sahu a guje, ka ɗauki abokinka da farar riga ranar Juma'a, ka ɗauki mai shayi bayan magariba. Don launi, Snapseed kyauta ce.

Idan wata ya cika ka ga kana jin daɗin wannan wahala, har ka fara jin wayar ta yi maka kaɗan, to kuɗin kyamara ba zai zama asara ba, kuma a lokacin ka riga ka san wacce kake bukata. Idan kuwa tun a mako na farko ka koma danna-ka-wuce, ka gode da ka gano da wuri, ka riƙe miliyan biyunka.